Hagun Makau da Taken Surajo

Duk wanda ya taɓa sayen tsire a bakin kasuwar Anka ya san Makau, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon mahaucin nan da ke yanka nama da hannun hagu, yana danne tsokar da bayan hannun dama, wanda ya lanƙwashe tun daga wuyan hannu ya ƙi miƙewa. Shi ne kuma wanda ba ka isa ka karɓi tsirenka ka wuce salin alin ba. Daga ina kake? Can wajenku da wane itace ake gashi? Me ya sa babur ɗinka yake tari in ka kashe shi? Ka ba shi amsa guda, ta haifar masa da tambaya uku. Masu zolaya suna cewa a tukubar Makau nama ba ya da wuyar samu, tafiya ce ke da wuya.

Ana cewa matambayi ba ya ɓata, kuma gaskiya ne Makau bai taɓa ɓata ba. Amma akwai wata tambaya da ya daɗe yana ɗauke da ita, ranar da ya samu amsarta kuwa ta raba shi da abin da ya fi so a duniya, wato taken damben ubansa.

A Nasarawa Burkullu aka haife shi, a gidan Rundawa, inda fawa da noma suke sana'a, dambe kuma yake gado. Ubansa Surajo ba ɗan damben da ke yawon birane ba ne. Manomi ne da ke jiran kaka, in an ɗaure dawa an kai rumbu sai ya naɗe tsumma a hannun dama, ya bi shi da zare har ya yi tauri, ya bi ƙauyuka. Salonsa kuwa har gundurar 'yan kallo yake yi da farko. Ba ya zagaye fage, ba ya shuri da ƙafa, ba ya ruguntsumi. Zai kafa ƙafar hagu a gaba, ya miƙa tafin hagu a buɗe yana tare abokin karawa, ya ja hannun dama can baya, ya tsaya kamar an dasa shi. Sai mutum ya gaji da jira ya kawo kansa, sannan Surajo ya saki hannun sau ɗaya, a zo a ɗauke mutumin.

Kowane ɗan dambe da ya amsa sunansa yana da take, kiɗan da ake yi masa shi kaɗai, wanda in ya ji shi jikinsa yake tsuma. Na Surajo wani makaɗin kalangu na Zugu ne ya yi masa, sunansa Haladu. Abin da kalangun ke faɗi gajere ne: "Gatarin Burkullu, sara ɗaya, sara ɗaya." Amma daɗin ba a maganar yake ba. Haladu yakan hau da kiɗan sama, yana matse tsarkiya a hammata har muryar kalangun ta yi siriri, ya riƙe ta a can, numfashin kowa ya tsaya, sannan ya sako ta ƙasa gaba ɗaya. A daidai wannan faɗuwar hannun Surajo yake tashi.

Da Surajo ya rasu, Makau ya gaji wuƙaƙensa da gonarsa da tsayuwarsa a fage, Haladu kuma ya ci gaba da kaɗa masa taken. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sai dai ɗan barewar nan ya zo da surutu. Tun ranar farko da aka kaɗa masa taken ya kashe wani mutumin Zugu, wato ya kai shi ƙasa, ko zarensa bai kwance ba ya nufi makaɗin.

"Baba Haladu, ina da tambaya. Kai ka kallon kahwaɗata ka sako kiɗi, ko ni ka jin kiɗi in sako hannu? Wa ka bin wani?"

Haladu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ɗan Surajo, ubanka ya ƙare dambenai bai taɓa tambaya ta wanga ba. Ni ma ban sani ba. Tahi ka sha ruwa."

Ya je ya sha ruwan, amma tambayar ba ta wuce ba. Haka ya yi shekarunsa na dambe, daga Zugu zuwa Bukkuyum zuwa Gummi, yana nazarin mutane kamar mai zaɓen sa a kara. Ya san masu zagaye fage har sai jiri ya kama ka. Ya san masu fara lallasa maka cinya da ƙafa, su bari sai ka sauke ido ƙasa. Ya san masu runguma da ke gajiyar da kai da nauyinsu, da bahagwai waɗanda hannunsu ke zuwa ta inda ba ka ajiye tsaro ba. In an tashi wasa sauran 'yan dambe suna neman fura, shi yana neman wanda suka kara. Akwai ranar da wani gajere ya shimfiɗe shi a Bukkuyum har sai da aka yayyafa masa ruwa. Yana buɗe ido, mutane sun yi cirko-cirko a kansa suna salati, abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne, "Ta ina hannun yab biyo?" Innarsa Hajara da ta ji labari ta ce ko a kabari wannan yaro shi zai riga mala'iku tambaya.

Sai zinari ya ɓulla a ƙasar Anka, samari suka yi ta kwarara Bagega. Makau ma ya bi, rabi don neman abin kai wa bakin salati, rabi don yana son ya ga yadda ake fitar da zinari daga dutse. Ya samu aiki a wajen injin niƙa, yana zuba dutse yana kwashe gari, ƙurar tana shiga hanci da baki da abinci. Babu wanda ya san akwai dalma a cikin dutsen sai da yara suka fara suma suna mutuwa, garin ya shiga wani baƙin cikin da har yau in an tuna shi ana sauke murya. Manya ba su cika faɗuwa ba, shi ya sa Makau bai kawo komai ba da ciwon ciki ya matsa masa. Wata safiya ya ɗauki buta zai yi alwala, butar ta suɓuce. Ya sake ɗauka, ta sake suɓucewa. Ya ɗaga hannun daman ya dube shi, damtsen yana tashi lafiya lau, amma daga wuyan hannu zuwa yatsu ya sunkuya ya ƙi ɗagowa.

Abokansa suka ce wani da ya taɓa kashewa a fage ne ya yi masa asiri. Likitan da ya duba shi ya ce gubar dalma ce, kuma takan fara da hannun da mutum ya fi aiki da shi. Makau ya tsare bawan Allah nan da tambayoyi har layi ya yi tsawo a waje: ta yaya abin da ya shiga ta hanci zai san wane hannu ne na duka? Ya sha magani, cikin ya lafa, yatsun suka ɗan dawo suna riƙe abu mara nauyi, amma dunƙulewa ta tafi ke nan. Ya ninke tsummansa da zarensa ya sa a ƙasan jaka. Ya yi baƙin ciki ƙwarai, har ya daina zuwa kallon dambe, domin ba ya iya jin kalangu yana zaune.

Bai bar Bagega ba, sai dai ya bar bakin inji ya koma sana'ar gidansu, yana yanka wa 'yan haƙa nama da hagu. A nan ya haɗu da Abdulbasit, wani Bayaraben Ilori mai gyaran injinan niƙa, mutum mai fara'a da Hausar da ya tsinta a tasha da ramukan zinari. A bayan rumfarsa Abdulbasit ya rataye buhun yashi a reshen bedi, wato dogon yaro. Kullum da hantsi kafin aiki ya kankama sai ya zura wata tsohuwar safar dambe a hannu biyu, ya yi ta tsalle-tsalle yana dukan buhun. A garinsu ya koyi damben zamani a wata ƙungiyar unguwa, ya ɗan yi gasa, bai yi nisa ba.

Makau ya daure iya daurewarsa, wadda ba ta da yawa, sannan ya je ya tsaya a kansa.

"Malam, duk hannu biyu ka ɗaure. To wane na mashi, wane na garkuwa?"

"Duka biyu suna duka, duka biyu suna tsaro," in ji Abdulbasit yana haki.

"To wanga na gaba da kaka miƙawa kana janyewa awa mai taɓa tukunya da zahi, mi shika yi?"

"Wannan ƙwanƙwasa ƙofa yake yi. Hagu ya ƙwanƙwasa, ya ƙwanƙwasa, in ƙofa ta buɗe sai dama ya shiga."

Makau ya dubi hannunsa na dama, ya dubi buhun. "In mai shiga ya mutu hwa? Mai ƙwanƙwasawa ba shi iya ɓalle ƙohwar da kainai?"

Abdulbasit ya sauke hannu, ya ce bai taɓa tunanin haka ba. Wannan amsar ta yi wa Makau daɗi, domin yana ganin girman mutumin da ke cewa bai sani ba.

Da abin ya tsaya a hira ne kawai, ba don saƙon Haladu ba. Tsohon ya baro Zugu saboda hare-haren 'yan bindiga, ya tare a Gummi da yaransa. Ya aiko a farkon damina cewa yana son ganin ɗan Surajo. Makau ya bi ayarin babura da rana tsaka, yadda ake tafiya yanzu, ya same shi a zaure yana gyaran tsarkiya.

"Ɗan Surajo," in ji Haladu bayan sun gaisa, "take ba kayan ajiya ba na. Wanda ba a kaɗawa mutuwa shikai. Yaran ga nau ba su taɓa kaɗa shi bisa mutun mai tsuma ba, ni ko ka ga hannuna ya hwara rawa. In nim mutu haka, tare za mu tahi da shi. Akwai wani yaro nan Gummi, Sagir, mahauci na, shina da hannu. Ya roƙe ni in ba shi."

Makau ya ce, "Baba, taken ubana na."

"Ni niy yi shi, ubanka yas sa mai rai. Ban son in ba wani kana numfashi. Shigo hwage da kaka, in kaɗa maka shi tun daga hwarko har a tashi, ba yankewa. Ko ka kashe ko a kashe ka, naka na har abada. In ko ba ka iyawa, kak ka ga laihina."

Ba mugunta ba ce, Makau ya san haka. Tsohon tsoron mutuwar kiɗansa yake yi. Sharaɗin ma ba mai tsauri ba ne, domin ko faɗuwa ya yi ya cika shi. Amma Makau ba ya son ya shiga fage don a ɗauko shi kawai. Yana komawa Bagega ya zaro tsumma da zare daga ƙasan jaka ya nufi gindin bedi.

Suka fara da abin da kowa zai fara da shi, wato Makau ya zama bahago: ya ɗaure hagu ya ja shi baya, ya sa dama a gaba. Abin ya ƙi. Hannun da ba ya buɗe tafi ba ya tare komai, Abdulbasit ya yi ta shigowa ta kansa yana dungure masa goshi. Sai Makau ya ce su gwada maganar ƙofa. Ya koma tsayuwarsa ta gado, ƙafar hagu a gaba, amma ya ɗaure hannun hagun ya bar shi a gaban, ya naɗe damtsen dama a jikin haɓa yana kare fuska. Hannu guda ya zama shi ne mashin, shi ne garkuwar.

Duk daminar nan haka suka yi ta. Abdulbasit ya zura tsofaffin silifa a tafukansa yana karɓar duka, yana koya masa yadda ake sakin hannu gajere a janye, da yadda ake gocewa gefe da taku ɗaya, da yadda ake murza ƙugu don hannun gaba ya ɗauko nauyin jiki duka. Shi ma son sani bai bar shi ba. Ya sa Makau ya ɗaure masa zare ya ji, ya buɗe ƙafa irin ta 'yan dambe, ya kai wa buhu duka ɗaya ya kusa bin hannunsa ƙasa. Masu wankin zinari suna wucewa suna yi musu dariya, wai ga gurgun hannu yana koyon rawa wurin makanike. Makau bai damu ba. Kowace safiya da sabuwar tambaya yake zuwa, kuma a hankali silifan suka fara tashi daga hannun Abdulbasit. Abu guda ne ba su yi tunaninsa ba. A gindin bedin nan babu wani sauti sai rurin injin niƙa, kuma a damben su Abdulbasit ba a kiɗa, don haka shi ba laifinsa ba ne. Makau ne ya kamata ya tuna.

Kaka ta yi, aka sa wasa a Gummi bayan La'asar, domin yanzu kowa yana son ya isa gida da sauran rana. Fage ya cika, labari ya bazu cewa ɗan Surajo zai dawo, kuma Sagir ne da kansa zai kara da shi. Sagir saurayi ne mai faɗin ƙirji, irin masu afkowa da gudu suna haɗa ƙafa da hannu. Ya zo ya durƙusa ya gaida Makau, ya ce, "Yaya, ka yi mani haƙuri, wasa na." Makau ya ce babu komai, ya kuma tambaye shi wa ya koya masa shuri.

Da Makau ya fito da zare a hagu, kuma ya miƙa shi gaba, sai fage ya ɗauki sowa.

"Ya ɗaure garkuwa ya baro mashi gida!"

"Makau, hannu ɗaya ba shi ɗaukar jinka!"

Alƙali ya haɗa su a turmin farko, wato zagayen farko cikin ukun da ake yi. Sagir ya matso yana neman tafin da zai ture, sai ya ji dunƙulen zare a kan hanci. Ya ja baya yana ƙifta ido, ya sake matsowa, ya sake ji. Dariyar mutane ta fara raguwa. A nan Haladu ya shigo da taken sosai. Gatarin Burkullu, sara ɗaya, sara ɗaya. Makau ya ji tsigar jikinsa ta tashi, tsumar da ya yi shekaru bai ji ba ta taso masa tun daga tafin ƙafa, daɗi ya kama shi har idonsa ya kawo ruwa. Kiɗan ya hau, ya hau, ya yi siriri, ya faɗo. Sai ga hannun dama ya bar haɓa ya tashi da dukan ƙarfin kafaɗa, ya sauka a wuyan Sagir laɓe-laɓe kamar jiƙaƙƙen tsumma. Fuskar Makau ta zama a buɗe, Sagir ya sauke masa nasa a gindin kunne. Makau ya yi taga-taga, Allah ya sa gwiwa ba ta taɓa ƙasa ba, alƙali ya raba.

A turmi na biyu ya shiga yana cije leɓe, yana gaya wa kansa hagu, hagu, hagu. Ya ƙwanƙwasa, ya goce, komai yana tafiya yadda suka tsara. Kiɗan ya hau ya faɗo, hannun daman ya sake tashi ba da izininsa ba. Wannan karon a kan gira ya karɓa, jini ya rufe masa ido guda.

Abdulbasit, wanda ya rako shi Gummi, ya tare shi a gefen fage yana goge masa fuska, ransa a ɓace. "Makau, me ya sa kake jefa dama? Ba haka muka yi ba!"

"Ba ni ka jehwa shi ba," in ji Makau.

Yana faɗin haka ya tsaya cak. Ya juya ya dubi Haladu da kalangunsa a hammata. Ashe amsar ke nan. Shekara da shekaru yana tambaya, sai yau hannun da ba ya iya riƙe buta ya ba shi ita. Ƙafafunsa suna tsaye inda na ubansa suke tsayawa, taken kuma hannun dama ya sani, shi zai ci gaba da kira.

Lissafin a fili yake. Saura turmi ɗaya. In ya koma a haka Sagir zai kai shi ƙasa, a yayyafa masa ruwa, ya tashi da takensa har abada. Babu wanda zai zarge shi, kowa ya ga hannun. Amma zai koma gida bai san ko hagun nan yana kisa ba, bayan damina guda yana tambayarsa, kuma ya san jikinsa ba zai sake ba shi wata ranar ba. Ya ji tsoro, ya ji kunyar ubansa, ya ji tausayin Inna. Duk da haka son sanin ya fi ƙarfinsu, hali zanen dutse. Ya ratsa fage ya durƙusa a gaban tsohon.

"Baba, dakata da kiɗin."

Haladu ya dube shi da kyau. "Ka san abin da kac ce? Na hwaɗa maka ba yankewa. Wanda yac ce ma kalangu shi yi shiru, ya sake shi."

"Na sani, Baba. Kuma na samo muna amsa. Hannu ka bin kiɗi."

 Tsohon ya zare kalangun daga hammata ya aza a cinya, ya ɗaga wa yaransa hannu, su ma suka tsaya.

Mutanen Gummi ba su taɓa ganin dambe babu kiɗa ba. Shirun ya sa kowa ya kama bakinsa, har ana jin tafiyar ƙafafunsu a kan rairayi da muryar wata mai tallar gyaɗa can bayan taro. Makau ya ji jikinsa ya yi sanyi, babu tsuma, babu Surajo, sai shi da abin da ya koya a gindin bedi. Ya ƙwanƙwasa, Sagir ya kauce. Ya sake ƙwanƙwasawa, ya samu leɓe. Sagir ya fusata ya kawo shuri, ya biyo shi da gudu da hannu a sama yadda ya saba. Makau ya goce taku ɗaya, ya murza ƙugu, hagun ya zagayo gajere ya sauka a muƙamuƙi. Sagir ya wuce shi da taku biyu, gwiwarsa ta sare, ya dafa ƙasa da hannu.

Fage ya kece da ihu. Abdulbasit ya manta Hausarsa gaba ɗaya yana ta kururuwa da Yarbanci. Makau kuwa, bisa sabo, ya juya wajen makaɗa, domin in ɗan dambe ya yi kisa takensa ake sakar masa ya taka. Haladu yana zaune, hannuwansa a kan gwiwa, kansa a sunkuye. Babu abin da aka kaɗa. A nan Makau ya san abin da ya yi, murnar ta koma masa ciki, ya tsaya a tsakiyar fage bai san inda zai sa ƙafarsa ba.

Da aka watse Sagir ya zo yana dafe da haɓa, ya ce shi ba zai karɓi take a hannun wanda ya kashe shi ba. Haladu ya ce magana ta riga ta fita, ba a mayar da ita. Makau bai roƙa ba, ya ce wa yaron ya riƙe shi da kyau. Sagir ya matso ya rage murya.

"Yaya, don Allah, ta ina hannun yab biyo?"

Duk da abin da ke cinsa sai da Makau ya yi dariya. Ya tsayar da shi a nan gefen fage ya nuna masa taku da murza ƙugun, har sai da masu babura suka fara kiran a tafi rana na faɗuwa.

Inna Hajara, wadda a lokacin ta dawo Anka da zama, ba ta yi dariya ba. Ta saurari labarin har ƙarshe tana tsince wake, sannan ta ce, "Abin da yar rage mani na ubanka ke nan, in ji ana kaɗa shi in san ɗana na. Kab ba mahaucin Gummi don ka ji amsar tambaya?" Makau ya ce haka ne, Inna. Ba ta sake tayar da maganar ba, shi ma bai taɓa cewa ya yi daidai ba. Bai sake ɗaura zare ba. Abdulbasit ya bi aikinsa zuwa wasu ramukan, suna gaisawa a waya, Makau kuma ya kafa tukubarsa a Anka kusa da Inna. Haladu ya rasu bayan ya ga yaransa sun iya taken, yadda ya so.

In ka tambayi Makau ko ya yi nadama, sai ya juya maka tambayar, ya ce kai da za ka iya kwana ba ka sani ba? Amma wata ranar kasuwa, ba da daɗewa ba, wani direba yana jiran tsire ya buɗe bidiyon damben Gummi a wayarsa. Daga 'yar ƙaramar lasifikar sai ga kalangu: gatarin Burkullu, sara ɗaya, sara ɗaya. Sagir ake yi wa. Makau yana tsakiyar yanka. Kiɗan ya hau, ya yi siriri, ya faɗo, kafaɗarsa ta dama ta zabura da kanta, hannun ya tashi ya kifar da kwanon yaji a ƙasa.

Direban ya tsorata, ya kashe wayar yana ba da haƙuri. Makau ya ajiye wuƙar, ya kama wuyan hannun daman da hagunsa ya riƙe gam a jikin cikinsa. Idonsa ya yi ja, kuma ba hayaƙin tukuba ba ne.

"A'a, kak ka kashe," in ji shi. "Na riƙe shi yanzu. Maido mani shi tun daga hwarko."